Abin da kyamarata ta gani a Cennai

Yawancinmu mun san Indiya tun kafin mu san Legas. A fim muka san ta: jarumi ya tashi mutum goma shi kaɗai, budurwa tana waƙa a cikin furanni, ranar biki kuma a yi ta watsa wa juna garin kala. Tun zamanin iyayenmu ake kallon fina-finan nan a silimomin Kano da Zariya da Kaduna, kuma mafi yawan waɗanda suka fara shigo mana na Mumbai ne, na masu jin yaren Hindi. Ni inda karatu ya kai ni daban ne. Cennai ce, babban birnin jihar Tamil Nadu da ke can kudu a bakin teku, garin da ake kira Madras har zuwa 1996. Yaren Tamil ake yi, rubutunsu ma nasu ne, kuma in ka jefa wa mai shayi ɗan Indiyancin da ka tsinta a fim, kallonka kawai zai yi.

Shekara huɗu na yi a can, daga 2015 zuwa 2019, ina karatun harhaɗa magunguna. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai. Da waya na fara, a shekara ta biyu na tara kuɗin abinci na sayi tsohuwar kyamara ta hannu. Ranar Lahadi, lokacin da abokan karatuna ke ramuwar barci, sai in rataya ta in shiga bas ba tare da na san inda zan sauka ba.

Duk wanda ya riƙe kyamara a garin nan, ko ya so ko bai so ba, wuraren bautar Hindu ne za su fara jan idonsa, domin sun fi komai tsayi da launi a tsofaffin unguwanni. A kudancin Indiya, ƙofar wurin bauta tana da wata doguwar hasumiya da suke kira gopuram. Ƙasanta faɗi, tana hawa tana tsukewa, hawa-hawa, kuma kowane hawa cike yake da mutum-mutumi da aka shafe da fenti: shuɗi, kore, ruwan hoda, ruwan ɗorawa. Wadda na fi ɗauka ita ce ta wurin bautar Kapaliswara a unguwar Mailapur, tsayinta ya kusa mita 40. Ka ga abu mai kyau a ido, amma shigar da shi hoto aiki ne. Titin gabanta ƙunci gare shi, wayoyin lantarki sun yi saƙa a sama, in ka matso sai kanta ya fita daga hoton, in ka ja baya sai ka ci karo da shagon mai kwakwa. Da rana tsaka kuwa hasken yana wanke launin gaba ɗaya, hoton ya fito fari fat kamar an jiƙa shi.

Dabarar ita ce sammako. Babbar hasumiyar gabas take kallo, saboda haka da zarar na idar da sallar asuba sai in kama hanya, in isa kafin ƙarfe bakwai, lokacin da rana ke bayana tana haska fuskar ginin a hankali. Da yamma kuma sai in zagaya yamma da shi, inda akwai wani babban tafki mai kusurwa huɗu da matakalai, in jira iska ta kwanta domin inuwar ginin ta zauna a kan ruwa. Ƙannena masu ɗaukar hoto da waya, wannan darasin ba sai kun je Indiya ba. Hasumiyar Gobarau a Katsina ko ƙofar gidan sarkin garinku, ku gwada ɗaukarta da hantsi, ku sake ɗauka bayan la'asar, ku kwatanta. Kuma ku riƙa goge idon kyamarar wayar da gefen riga kafin ku latsa. Rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon yatsa ne.

To, amma akwai tambayar da ta fi ta haske nauyi. Ni Musulmi ne, ɗan gidan da ba a wasa da sallah, ga ni tsaye a ƙofar gidan gumaka da kyamara. Ina ne iyakata?

Ba ni kaɗai na yi wa kaina tambayar ba. Ranar da na tura hotunan farko a zauren WhatsApp na gidanmu, ba a yi awa ɗaya ba kawuna ya kira. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, kuma magini ne.

"Kai yaro, karatu muka tura ka ko yawon gidan gumaka?"

Na ce, "Kawu, Allah Ya ƙara maka lafiya, karatu nake yi. Wannan a kan hanya yake, kowa ya wuce sai ya gan shi. Ban shiga inda suke bauta ba."

Ya yi shiru. Sai ya ce, "Sallarka fa?"

"Tana nan, Kawu."

"To ka riƙe ta." Ya sake yin shiru, har na zaci layin ya yanke. Can sai na ji ya ce, "Wai da me suka ɗora wancan na saman? Siminti ne ko dutse?"

Ƙa'idar da na gindaya wa kaina mai sauƙi ce, kuma ban taɓa jin ta takura ni ba. Ina tsayawa a titi, ko a farfajiyar da aka yarda baƙo ya shiga bayan ya cire takalmi. Ɗakin ciki, inda babban gunkin yake, su da kansu sukan kafa allo cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce nan, ni kuma dama ba ni da abin yi a ciki. In mai hidimar wurin ya miƙo toka ko jan garin da suke ɗigawa a goshi, sai in dafa ƙirji in yi murmushi in ja baya, ban taɓa ganin wanda ya ji haushi ba. Ba na cin abin da aka miƙa wa gunki. Sannan ba na saita kyamara a fuskar mutumin da ya rufe ido yana addu'arsa. Ban yarda da abin da yake bauta wa ba, shi ma bai yarda da nawa ba, amma na san yadda zan ji in na ɗago daga sujada na tarar da wani baƙo ya durƙusa a gabana yana latsa kyamara. Akwai malaman da ba su sakin jiki da hoton abu mai rai, balle na gunki, kuma ba fatawa na zo bayarwa a shafin nan ba. Wanda abin bai kwanta masa ba, ga malaminsa nan kusa.

Tambayar Kawu ce ta sa na hau jirgin ƙasa na kwana a hanya zuwa Tanjabur. A can ne babban wurin bautar da sarki Rajaraja na daular Cola ya gina yake, wanda aka kammala a shekarar 1010. Ku tsaya ku auna wannan shekarar: bisa lissafin littafin Tarihin Kano, a lokacin Bagauda ne ke sarauta, ba a ma fara ganuwar Kano ba. Hasumiyar ta haura mita 60, kuma ba fenti a jikinta kamar na Mailapur, zallar dutse ne mai launin ƙasa, an sassaƙa an jera wani kan wani. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yankin fadama ne na noman shinkafa, babu irin wannan dutsen a kusa, daga nesa aka jawo shi. Mutanen garin suna ba da labarin cewa wata doguwar gangara ta ƙasa aka tara, aka turo dutsen ƙololuwa ta kanta har sama. Hukumar UNESCO ta sa ginin cikin kayan tarihin duniya a 1987.

A nan na gane cewa hoton babban gini shi kaɗai ba ya nuna girmansa. Na ɗauki hasumiyar sau da yawa, duk ta fito kamar abin wasan yara. Sai da na jira wasu 'yan makaranta, sa'anninku, suka zo wucewa a jere da malamarsu a gindin ginin, sannan hoton ya yi magana: ga yara kamar tururuwa, ga dutse ya tafi sama. Na kuma ɗauki mahaɗar duwatsun kusa-kusa saboda Kawu, inda ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba. Waɗannan ya fi so. An ce mini ya yi kwanaki yana nuna wa leburorinsa su a waya, yana yi musu faɗan aikin ganin ido.

Ba ko'ina ake barin kyamara ba. A Madurai akwai wurin bautar Minakshi, mai hasumiya 14, wadda ta fi tsayi ta kudu ta ɗan haura mita 50. A watan Fabrairun 2018 gobara ta tashi a shagunan da ke cikin harabarsa, bayan nan kotu ta hana shiga da waya. Ni kuwa bayan wannan na je. A ƙofa na ajiye takalmi da kyamara da waya, aka ba ni ɗan kati. Na shiga zauren da ake kira mai ginshiƙi dubu, wanda a ƙirge 985 ne, hannuna ba komai. Na fi awa biyu ina zagayawa, kuma har yau na fi tuna sassaƙar wannan zauren fiye da wuraren da na ɗauki hoto ɗari. Da na fito sai na zauna a wata rumfa na rubuta abin da na gani a bayan littafin karatuna. Hasumiyoyin kuwa daga titi ake ɗaukarsu, wasu masu shaguna ma sukan hau da kai rufin bene don ka hango, da fatan in ka sauko za ka sayi wani abu. A ƙarshen 2022 na ji kotun ta faɗaɗa hanin waya zuwa wuraren bautar jihar baki ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Mu ma mun san abin da masu ɗaukar kansu hoto suke yi a gaban Ka'aba.

Bukukuwa kuma wata duniya ce. Wanda na fi ƙauna shi ne Pongal, bikin girbi da ake yi a tsakiyar watan Janairu, kwana huɗu. Ana dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila a sabuwar tukunyar ƙasa, a bar ta ta tafasa har ta yi ambaliya, domin zubar nan ita ce alamar yalwa a wurinsu. Rake ya cika kasuwa, an jingina shi dami-dami kamar a tashar Ɗan Magaji. A rana ta uku ake wanke shanu, a shafa wa ƙahoninsu fenti, a rataya musu furanni. Amma abin da ya fi kama ni shi ne zanen da mata ke yi a ƙofar gida da garin shinkafa, wanda suke kira kolam. Kullum da asuba ake yinsa, sai dai na lokacin biki ya fi girma da launi. Mace za ta share ƙofa, ta yayyafa ruwa, ta jera ɗigo-ɗigo, sannan ta saki garin ta tsakanin yatsu ta zagaye ɗigon da layi, ba ruler ba gogewa. Ya tuna mini da dagi, da zanen da maginanmu ke yi a fuskar soro, da aikin hular zanna. Kafin hantsi ƙafafu da tayoyin babur sun tattake shi, gobe a sake sabo. In kana son hotonsa sai ka riga masu madara fitowa, kuma ka tsaya daidai kansa ka kalli ƙasa, ka kula kada inuwarka ta faɗa ciki.

A Mailapur, tsakanin Maris da Afrilu, ana wani biki na kwanaki inda ake fito da wani ƙaton keken itace mai tsayin bene, a ɗaura masa igiyoyi masu kauri, ɗaruruwan mutane su ja shi su zagaya titunan da ke kewaye da wurin bautar. Washegari a fito da siffofin bayin Shiba 63 da suke girmamawa. Ranar da na fara jin busar da ke gaban ayarin, sai da na waiga, domin na rantse algaita ce. Nadaswaram suke kiranta, ta fi tamu tsayi, amma kumatun mai busar haka suke kumbura, ga mai ganga a gefensa. In ka rufe ido sai ka ce hawan Daushe ne. A irin wannan cunkoso ba a bin ayari da kyamara, ture ka za a yi. Wuri ake kamawa tun da wuri, a kan dakali ko matakalar shago, a jira abin ya zo ya same ka. Kuma hotunan da suka fi kyau ba na keken ba ne, na hannuwan da ke kan igiya ne, da yaron da aka ɗora a wuya yana hange, da tsohuwar da ke raba wa masu wucewa tsala mai sanyi kyauta.

Bikin watsa kala da muke gani a fim, Holi, na mutanen arewacin Indiya ne. A Cennai sai ka je unguwar Sokarpet, inda 'yan kasuwar arewa suke zaune, kafin ka gan shi sosai. Na je sau ɗaya, na naɗe kyamara a leda. Rigar da na sa ranar ba ta sake moruwa ba.

Yanzu bari in zo kan mutane. Baƙar fata a Cennai abin kallo ne. A bas, a bakin tekun Marina, a kasuwa, sai ka ga an ɗaga waya an saita ka ba sallama ba tambaya. Wasu sukan zo da fara'a su roƙi a ɗauka tare, waɗannan ban taɓa hana su ba. Amma na ɓoye ɗin nan yana da ciwo, sai ka ji kamar an mayar da kai dabbar gidan zu. Saboda haka ni ban ɗauki fuskar kowa ba sai na nema. Kalma biyu na Tamil sun ishe ni: vanakkam, wato gaisuwa, da nandri, wato na gode. Sai in nuna kyamara in ɗaga gira. In mutum ya kaɗa kai gefe da gefe, kada ku ɗauka ƙi ne, a can wannan amincewa ce. A kasuwar furanni ta Koyambedu akwai wata dattijuwa da ke zaren fararen furanni masu ƙamshi, irin waɗanda mata ke sawa a gashi. Sau uku ina sayen furen da ba ni da wadda zan ba, kafin na nemi hotonta. Da na wanke na kai mata, ta daɗe tana kallo, sannan ta soke shi a jikin kwandonta.

Wasu abokaina na gida ba irin waɗannan hotuna suke so ba. "Turo mana na shanu a kan titi," in ji su, "da na masu wanka a ƙazamin ruwa." Akwai shanun, akwai bola, akwai masu kwana a gefen titi, ban ce babu ba. Amma na san abin da za a yi da hoton: dariya. Kuma na tuna Turawan da ke zuwa kallon hawan sallah, su bar dawaki da lifidi da 'yan kwalkwali, su bi almajiri mai yagaggiyar riga da kyamara, su koma ƙasarsu su ce ga Kano. Ba ƙarya suka ɗauka ba, yaron yana nan. Zaɓen ne mugu. Mai kyamara kullum yana zaɓe, abin da ya bari a waje ya fi abin da ya shigar yawa.

Wannan ya shafi hotuna masu daɗin kallo ma. A unguwar Tiriplikan nake yawan sallar Juma'a, a babban masallacin Walaja da aka gina da dutse a 1795. Tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsa da tsohon wurin bautar Partasarati. Ina da hoton wani mai hula da gemu yana ciniki da mai sayar da ayaba da ke da farin zane a goshi, suna dariya. Hoton gaskiya ne, haka na gan su. Amma in na nuna muku shi na ce haka Indiya take ko'ina, na yaudare ku, domin ƙasar ce aka rushe masallacin Babri a 1992, aka kuma yi kashe-kashen Gujarat a 2002. Shi ya sa nake rubuta wuri da rana a bayan kowane hoto, don ya tsaya a matsayinsa: wannan titi, wannan safiya.

Sauran hotunana na gari ne kawai. Masunta suna tura kwalekwale cikin teku kafin fitowar rana. Mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayowa cikin wani kofin ba ɗigo ɗaya a ƙasa, sak mai shayin bakin tasharmu. Keke mai ƙafa uku, ruwan ɗorawa, ya cika titi. A can na san cewa A Daidaita Sahun da muke hawa daga ƙasar ake kawo mana shi, kamfanin TVS ma a Cennai hedikwatarsa take.

Na ƙarshe da na ɗauka kafin in dawo, a watan Yunin 2019 ne, lokacin da manyan madatsun ruwa huɗu da ke shayar da birnin suka kusa ƙafewa ƙaf, har daga baya aka riƙa kawo ruwa a jirgin ƙasa. A layinmu mata suka jera tulunan roba, ja da kore da shuɗi, tun dare, suna jiran tankar ruwa. Ni ma da bokitina a layin. Na nemi izini, suka ce in ɗauki tulunan amma ban da fuska, na ɗauka hakan. Da na dawo gida ina nuna wa Inna hotuna, ta wuce hasumiyoyi da bukukuwa da sauri, sai a kan wannan ta tsaya. Ta matso da shi kusa da ido, ta ƙirga tulunan, ta tambaye ni ko su ma sukan sa dutse a layi ya riƙe musu wuri.